Tarihin Fasahar Bugun Zane da Manyan Hanyoyinta

1.0 Gabatarwa

Kalmar "bugu" tana da faɗin ma'ana a Hausa. Mabugi yana bugun riga har ta yi ƙyalli, alƙali yana buga hatimi a jikin takarda, maɗaba'a kuma tana buga littafi. A wannan muƙala an taƙaita ma'anar kalmar ga fasahar nan da mai zane yake shirya hoto ko rubutu a jikin itace, ko ƙarfe, ko dutse, ko ƙyalle, sannan ya sa masa tawada ya haɗa shi da takarda, ta yadda aiki guda zai haifar da kwafe masu yawa. Abin da aka shirya zanen a jikinsa shi ne za a riƙa kira "uwar bugu".

Dalilai biyu ne suka sa aka kawo wannan batu gaban masana harshe. Na farko shi ne, ana koyar da fasahar a manyan makarantun Nijeriya, amma da Ingilishi ake ambaton hanyoyinta, saboda haka akwai bukatar a gwada sama musu sunaye daga cikin Hausa. Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne hanyar da aka bi wajen bugu takan yi tasiri a kan irin rubutun da zai yaɗu da wanda za a bari a baya. Tarihin ajamin Hausa a ƙarni na 20 shaida ne a kan haka, kamar yadda za a gani a gaba.

Masana sun kasa hanyoyin bugu gida huɗu, gwargwadon wurin da tawada take zama a jikin uwar bugu. Idan a kan abin da ya ɗago take zama, an kira shi a nan "bugun tudu". Idan a cikin abin da aka rarake take kwanciya, "bugun rami" ke nan. Idan uwar a shafe take, babu tudu babu rami, sai a ce "bugun dutse", domin da dutse aka fara shi. Idan kuwa ratsa uwar tawada take yi ta faɗa kan takarda, sunan da ya dace shi ne "bugun rariya".

2.0 Mafarin Bugu

Hatimi shi ne kakan dukkan bugu. Mutanen tsohuwar ƙasar Iraki sun yi amfani da mulmulallun duwatsu masu zane, suna mirgina su a kan ɗanyen yumɓu, fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Amma bugu a ma'anar da ake nazari a nan bai samu ba sai da aka sami takarda, wadda tarihin ƙasar Sin ya danganta kyautata ta ga wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun a shekarar 105 Miladiyya.

Littafi mafi tsufa da aka buga wanda yake ɗauke da kwanan wata shi ne wani naɗaɗɗen littafin addinin Buddha da Turawa suke kira Diamond Sutra. An buga shi a shekarar 868, an same shi a kogunan Dunhuang da ke arewa maso yammacin Sin, kuma yana ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya. Tsawonsa ya kai kimanin mita 5, kuma hoton da yake farkonsa ya nuna cewa masassaƙan lokacin sun daɗe da ƙwarewa kafin wannan shekara. A ƙasar Koriya an sassaƙa allunan itace fiye da 80,000 a ƙarni na 13 domin buga littattafan addinin Buddha, kuma allunan suna nan a wurin ibada na Haeinsa.

Musulmi ma ba a bar su a baya ba. Tun daga wajen ƙarni na 10 har zuwa na 15 an yi wani irin bugu a Masar da ake kira "ɗarsh", inda ake buga ayoyi da addu'o'i a siraran takardu, a naɗe su a yi laya. Wannan sana'a ba ta kai ga buga littattafan ilimi ba, domin malamai sun fi amincewa da hannun marubuci, daga baya ma ta ɓace.

3.0 Bugun Tudu

Wannan ita ce hanya mafi daɗewa, kuma mafi sauƙin fahimta. Mai zane yakan zana hoto a kan shafaffen allo, sai masassaƙi ya sare duk inda ake so ya fito fari, ya bar layukan zanen a tsaye. Idan aka shafa tawada, tudun kaɗai take taɓawa. Daga nan sai a ɗora takarda a murza bayanta da hannu, ko a matse ta da inji. Abin lura shi ne hoton yakan fito a juye, dama ta koma hagu, saboda haka wajibi ne a sassaƙa rubutu a birkice kafin ya karantu daidai.

Bugun itace ya bayyana a Turai wajen shekarar 1400, bayan da takarda ta yi araha. Hotunan waliyyan Kirista da katin karta su ne kayan da aka fi bugawa. Da Johannes Gutenberg ya fito da haruffan dalma a birnin Mainz wajen 1450, sai bugun itace ya sami abokin tafiya, domin shi ma harafin dalma tudu ne, ana iya jera shi tare da allon hoto a buga su lokaci guda. Wanda ya ɗaukaka darajar sana'ar shi ne Albrecht Dürer na birnin Nuremberg a Jamus. A shekarar 1498 ya fitar da manyan hotuna 15 a kan wahayin tashin duniya, a 1515 kuma ya buga hoton karkanda, dabbar da bai taɓa gani da idonsa ba, sai dai siffantawa da ya samu daga Lisbon. Duk da kurakuran da suke jikin hoton, shi ne mutanen Turai suka riƙa ɗauka a matsayin siffar karkanda har fiye da shekara 200. A nan ake ganin ƙarfin bugu, wato yadda yake yaɗa daidai, haka yake yaɗa kuskure.

A ƙasar Japan sana'ar ta bi wata hanya dabam. Mutum huɗu ne suke tarayya a kan hoto guda: mai zane, da masassaƙi, da mai bugu, da ɗan kasuwar da ya zuba jari. Kowane launi yana da nasa allon, kuma akan yi wata alama a gefen kowane allo domin takarda ta sauka wuri guda a duk bugu. Daga shekarar 1765 aka fara fitar da hotuna masu launuka da yawa a hannun Suzuki Harunobu. Hoton babbar igiyar teku na Hokusai, wanda ya fito wajen 1831, ɗaya ne daga jerin hotunansa na dutsen Fuji.

A ƙarshen ƙarni na 18 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Bewick, ya shahara da yin zane a kan fuskar da aka datse itace mai tauri, maimakon a tsawonsa. Wannan ya ba da damar fitar da layuka sirara ƙwarai, kuma allon yana jure bugu dubbai. Da shi jaridun ƙarni na 19 suka dogara wajen buga hotuna. A ƙarni na 20 kuma masu zane suka koma ga ledar shimfiɗar ɗaki mai kauri da ake kira lino, saboda taushinta da arahanta.

Afirka ta Yamma tana da nata bugun tudun a jikin tufafi. Asantawa na Gana suna sassaƙa alamomin adinkira a jikin sakaina, su tsoma a baƙin rini da ake dafawa daga ɓawon itace, su buga a jikin zane.

4.0 Bugun Rami

Wannan hanya kishiyar ta farko ce. Akan rarake layuka a jikin farantin jan ƙarfe, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman farantin tas. Sai a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda a bi ta cikin injin matsa mai ƙarfi, wanda zai tura takardar cikin ramukan ta tsotso tawadar. Shi ya sa ɗan yatsa yakan ji tudun tawada a jikin irin wannan bugu, kuma gefen farantin yakan bar sawu a takarda. Da wannan hanya ake buga wasu sassa na takardun kuɗi a ƙasashe da dama, saboda wuyar kwaikwayonta.

Asalin sana'ar daga maƙeran zinariya da azurfa ne na yankin kogin Rhine, wajen shekarun 1430. Su ne suka saba da yanka ado a jikin ƙarfe da wani ɗan tsinken ƙarfe mai kaifin baki, wanda ake turawa da tafin hannu. Martin Schongauer, wanda ya rasu a 1491, ɗan maƙerin zinariya ne, haka ma Dürer. Aikin yana bukatar shekaru na koyo, domin layin da aka yanka ba ya gyaruwa da sauƙi.

Sauƙi ya zo ne daga maƙeran sulke, waɗanda suke amfani da ruwan asid wajen yi wa kayan yaƙi ado. Wajen shekarar 1500 Daniel Hopfer na birnin Augsburg ya ɗauko dabarar ya kawo ta cikin bugu. Akan rufe farantin da wani haɗi mai kama da kakin zuma, mai zane ya yi zane da allura yana kankare kakin, sannan a tsoma farantin cikin asid. Asid zai ci inda allura ta buɗe, ya bar inda kaki ya rufe. Gwargwadon daɗewar farantin a ciki, gwargwadon zurfin layin da duhunsa. Da wannan, duk wanda ya iya zane da alƙalami ya sami damar yin bugu. Rembrandt na ƙasar Holan, wanda ya rayu daga 1606 zuwa 1669, ya yi zane a faranta kimanin 300, kuma yakan sake taɓa faranti bayan ya buga wasu kwafe, abin da ya sa ake samun hoto guda a matakai daban-daban.

Matsalar da ta rage ita ce yadda za a sami inuwa mai laushi ba tare da jera layuka ba. A 1642 Ludwig von Siegen ya fito da dabarar kaushe faranti domin samun inuwa, daga baya aka kyautata ta, ana kaushe farantin gaba ɗaya har ya zama zai buga baƙi ƙirin, sannan a riƙa sulɓe wuraren da ake so su yi haske. Wata dabarar kuma ita ce a barbaɗa garin ƙaron itace a kan faranti, a gasa shi ya manne, asid ya ci tsakanin ƙwayoyin. Da ita Francisco Goya na ƙasar Sifen ya fitar da jerin hotuna 80 na zambo ga al'ummarsa a 1799. Hotunansa na ta'asar yaƙi kuwa, waɗanda ya yi tsakanin 1810 da 1820, ba a buga su ga jama'a ba sai a 1863, shekara 35 bayan rasuwarsa.

5.0 Bugun Dutse

A shekarar 1796 wani marubucin wasan kwaikwayo a birnin Munich, Alois Senefelder, yana neman hanya mai araha ta buga rubuce-rubucensa, sai ya kama hanyar gano dabarar da aka sani da litogirafi. Ginshiƙinta abu ne da kowace mai girki ta sani, wato ruwa da mai ba sa haɗuwa. Akan yi zane da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Solnhofen. Sai a shafe dutsen da ruwan ƙaro da aka ɗiga wa asid kaɗan. Ƙaron zai kama duk inda babu zane, ya sa wurin ya riƙa riƙe ruwa. Idan aka jiƙa dutsen aka bi shi da tawada mai mai, sai ta manne a kan zanen kaɗai. Wannan ƙaro shi ne wanda ake samu daga itacen dakwara, wanda Sudan da Chadi da arewacin Nijeriya suke kan gaba wajen fitar da shi, kuma shi ne malamai suke zubawa a tawadarsu.

A Faransa bugun dutse ya zama makamin 'yan jarida. Honoré Daumier ya yi hotuna kimanin 4,000, kuma a 1832 an ɗaure shi wata shida saboda hoton da ya yi na ba'a ga Sarki Louis-Philippe. Daga baya aka riƙa amfani da dutse dabam ga kowane launi, abin da ya haifar da manyan takardun talla irin na Toulouse-Lautrec a shekarun 1890.

Muhimmancin wannan hanya ga ƙasashen Musulmi ya wuce na hoto. Haruffan Larabci suna haɗuwa da juna, kuma yawancinsu suna sauya siffa gwargwadon matsayinsu a kalma, saboda haka jera su da dalma yana da wahala da tsada, ga shi ba ya kama da rubutun da ido ya saba da shi. Bugun dutse ya kawar da wannan cikas. Marubuci yakan yi rubutunsa yadda ya saba a kan wata takarda ta musamman, a kifa ta a kan dutse, rubutun ya koma can a juye, ya fito daidai a bugu. Ta haka littafi ya zama bugagge alhali da hannun malami aka rubuta shi. Iran da Indiya sun rungumi hanyar a ƙarni na 19, inda maɗaba'ar Naval Kishore da aka kafa a Lucknow a 1858 ta buga littattafan Larabci da Farisanci da Urdu masu ɗimbin yawa. A Maroko wani alƙali, Muhammad al-Ɗayyib al-Rudani, ya shigo da injin bugun dutse daga Masar a 1864, kuma daga nan aka sami bugun Fas da rubutun Magariba.

A farkon ƙarni na 20 aka maye gurbin dutse da siririn farantin ƙarfe da ake naɗawa a jikin inji, tawada ta fara sauka a kan roba kafin ta isa takarda. Wannan shi ne bugun ofset, kuma ana iya ɗora masa duk abin da aka ɗauki hotonsa.

6.0 Bugun Rariya

Asalin wannan hanya shi ne huda siffa a jikin takarda ko fallen ƙarfe, a shafa launi ya ratsa ta hudar. Mutanen Japan sun daɗe suna rina tufafi ta haka, haka nan masu adire na Abeokuta suna amfani da hudajjen fallen kwano wajen shafa kullun rogo a jikin zane kafin a tsoma shi a baba. A sabon salonta akan ɗaure ƙyalle mai ƙananan ƙofofi a jikin katako kamar rariyar tankaɗe, a toshe inda ba a son tawada ta wuce, sannan a ja tawadar da faffaɗar roba. Samuel Simon na Manchester ya yi rajistar irin wannan dabara a 1907. Ta daɗe a hannun masu talla kafin masu zane su karɓe ta a Amurka a shekarun 1930, kuma Andy Warhol ya ƙara mata suna daga 1962. Da ita ake buga rubutu a jikin riguna da tutoci a garuruwan Nijeriya.

7.0 Bugu a Nijeriya

Injin bugu na farko ya shigo ƙasar nan ta Kalaba a 1846 a hannun 'yan mishan, a 1859 kuma Henry Townsend ya fara fitar da jaridar Iwe Irohin da Yarabanci a Abeokuta. A Arewa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Boko ya dace da haruffan dalma, domin kowane harafi zaman kansa yake yi, sai 'yan haruffa masu lanƙwasa da aka ƙera domin Hausa.

Ajami kuwa bai sami wannan sauƙi ba. Almajirin ƙasar Hausa ya tashi ne da ƙira'ar Warshu da rubutu mai tushe a Magariba, inda "fa" take da ɗigo ɗaya a ƙasa, "ƙaf" kuma ɗigo ɗaya a sama. A haruffan maɗaba'un Gabas ɗigo ɗaya a sama alamar "fa" ce, wato abin da almajirin zai karanta a matsayin "ƙaf". Bugu da ƙari, ajamin Hausa ba ya karantuwa sai da cikakken wasali, har da ɗigon imala da yake nuna wasalin "e". Bugun ofset ne ya warware wannan matsala. Daga wajen tsakiyar ƙarni na 20 'yan kasuwar littattafai, musamman a Kano, suka riƙa ba marubuta aikin kwafar littafi da alƙalamin kara, a ɗauki hoton shafukan a buga dubbai. Ta wannan hanya aka wadata makarantun zaure da Ahalari da Iziyya da Risala da Ishiriniya, da waƙoƙin wa'azi da na bege cikin ajami, aka kuma buga Alƙur'ani da hannun marubuta irin su Sharif Bala Gabari. Maimakon inji ya kashe sana'ar marubuci, sai ya buɗe masa kasuwar da ba ta taɓa samuwa ba.

Ta fuskar zane-zane kuwa, Zariya ce cibiya. A Kwalejin Fasaha da Kimiyya da ke can, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, shi ne ya fi shahara da bugu. Ya ƙara ƙwarewa a tarurrukan koyon sana'a da wani ɗan Holan, Ru van Rossem, ya gudanar a Ibadan da Oshogbo a farkon shekarun 1960. A 1967 asid ya ɓata masa wani faranti, ya cike wurin da danƙon kanti mai daskarewa, sai ya lura cewa danƙon yana ba da tudu da rami masu zurfi a bugu. Daga wannan ɓarna ya gina sabuwar hanya da ya sa wa suna plastogirafi. Shi ne kuma ya yi hotunan littafin Cyprian Ekwensi mai suna An African Night's Entertainment na 1962, wanda labarinsa ya yi kama ƙwarai da na Jiki Magayi. A Oshogbo masu zane irin su Jacob Afolabi da Rufus Ogundele sun yi fice da bugun lino, Solomon Wangboje kuma ya horar da ɗalibai da dama a jami'o'in ƙasar nan.

8.0 Kammalawa

An ga yadda kowace hanya daga cikin huɗun ta taso daga wata sana'a da ta riga ta: bugun tudu daga hatimi da sassaƙa, bugun rami daga ƙira, bugun dutse daga neman arahar buga rubutu, bugun rariya daga rini. An kuma ba da shawarar sunayen Hausa waɗanda suke bayyana aikin da kansu, kuma gyara su ko amincewa da su yana hannun masana da masu sana'ar.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe. Littattafan ajami da aka buga ta hanyar ofset sun faɗa tsakanin gida biyu. Masu tattara rubutun hannu sukan tsallake su domin bugaggu ne, ma'aikatan ɗakunan karatu kuma sukan tsallake su domin da yawansu ba su da shekarar bugu ko sunan maɗaba'a. Ga shi an buga su a takarda mai araha wadda take saurin rubewa. Alhali kuwa a cikinsu ne ake samun ƙa'idojin rubutun da marubuta suka bi, da karin harshen mawaƙa, da sunayen masu kwafa da 'yan kasuwar da suka ɗauki nauyin bugu, waɗanda akan rubuta a shafin farko ko na ƙarshe. Mai nazarin da ya san hanyoyin bugu zai iya bambance su da rubutun hannu na asali: tawadar ofset a shafe take, ba ta nuna inda alƙalami ya danna ko ya sassauta, kuma duk ɗigon da ya faɗa bisa kuskure yana nan a wuri guda cikin kowane kwafi. Tattara waɗannan littattafai daga kasuwanni da zaurukan malamai, da yi musu rajista tun ana samun waɗanda suka san tarihin bugunsu, aiki ne da ya kamata sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i su sa a gaba.